Tukunyar Kawal da Kaka Ta Tone

Turmin da ake kirɓa ɗanyen ganye ba ya ƙara irin ta dakan hatsi. Sautinsa a toshe yake, kamar ana buga ƙasa da dunduniya. Duk sa'ad da na jiyo shi ta bayan katanga sai gabana ya faɗi, har yau da nake da jikoki. Bari in gaya muku dalili.

Ina da shekara tara muna zaune a gefen Umdurman, inda gidaje ke ƙarewa. Kakata ta wajen uba a gonakin Jazira ta taso, kuma ba ta yarda ƙasa ta zauna haka kawai. Da ruwan farko ya sauka sai ta shuka kuɓewa da yakuwa a bayan ɗakinta, ta bar tafasa ta fito a tsakaninsu. Kuɓewar a yanka a shanya, ta zama weka. Tafasar kuwa ta kawal ce: a kirɓa ganyen, a danna a tukunyar ƙasa, a rufe da ganyen dawa, a shafe bakin da laka, a binne a inuwa. Bayan mako biyu a cura, a shanya. Mu da nama sai Sallah. Kawal ne naman miyarmu har wata damina.

A shekarar tafasar gida ba ta cika tukunya ba. Kaka ta miƙo mini kwando, ta ce in ƙaro daga kwarin da ruwa ke bi. Akwai karnuka a wajen, ni kuma ina tsoronsu, don haka hannuna ne ke tsinka, idona yana kan hanya. Da na dawo Kaka ta tafi ta'aziyya. Inna ta juye kwandon a turmi ba ta duba ba. Kafin la'asar an binne tukunya.

Kwana huɗu bayan haka akuyar maƙwabciyarmu ta mutu. Matar ta shigo gidanmu tana jan wani reshe da ta ce shi akuyar ta ci a bakin kwari. Kaka ta karɓa, ta ce rai-ɗore ne, ɗan uwan tafasa, magani ga wanda ya san awo, ajali ga wanda bai sani ba. Ta nuna cewa bakin ganyensa tsini ne, na tafasa kuwa a zagaye yake. Ina tsaye bayan Inna. Na rufe ido ina neman kwandona a raina. Ganye kore ne kawai nake gani, babu tsini, babu zagaye.

Ban faɗa ba. Na ce wa kaina wataƙila tafasa zalla na tsinko. Da safe in yarda da haka, kafin azahar zuciyata ta warware. Duk kwana uku Kaka na fasa lakar, ta cire ganyen saman da ya yi rawaya, ta cuɗa sauran da hannu, sannan ta ɗanɗana. Daga nan sai in yi ta bin ta. Idan ta yi tari, na ji. Idan ta kishingiɗa da rana, in tsuguna ina ƙirga numfashinta.

"Ke wai lafiya?" ta ce da ni wata rana. "Kishiya, kin ƙagu in mutu ki gaje tsohon ne? Ai ya riga ni, sai dai ki gaji tabarmata."

Kowa ya yi dariya. Ni na ruga bayan ɗaki na yi amai.

Ranar da za a cura, Inna ta shimfiɗa tabarmar shanya, ta ce gobe za a kaɗa miyar farko. Na dubi ƙanena da aka yaye watan jiya, wanda yake cin tuwo daga hannun Kaka. Bakina ya buɗe da kansa, na faɗi cewa ban duba abin da na tsinko a kwari ba.

Kaka ba ta ɗaga murya ba. Ta kama hannuna muka je kwari. Ta tsinko ganye biyu ta ɗora a tafina.

"Wanne kika tsinka, ya bitti?" ta ce, wato 'yata da Larabci.

"Ban sani ba, Kaka."

"Murza ki shinshina. Wannan mai warin, kin ji shi a hannunki ran nan?"

"Ban tuna ba."

Da muka koma ta ɗauki fartanya da kanta. Inna na cewa ai ta ɗanɗana sau huɗu ba abin da ya same ta, Kaka ta ce ɗanɗanon tsohuwa daban, cikin yaro daban. Ta tone tukunyar, ta juye a rami, ta tura ƙasa. Tafasa ta riga ta yi 'ya'ya, ba a sake wata ba. Shekarar nan da weka da gishiri muka ci ta. Ba wanda ya taɓa yi mini gori, kuma har Kaka ta rasu ba mu san ko akwai guba a tukunyar ba.

Yanzu ni ce tsohuwar gidan. Tun da yaƙi ya shigo gari, kasuwa ta yi mana nisa, maƙwabtan da a da suke toshe hanci in mun shanya kawal su ne ke aiko yara da kwano. Makon jiya jikata ta kawo kwando cike. Na tambaye ta inda ta tsinko, ta amsa mini da Larabci, ta wuce. Na zauna na tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya, sau biyu, da idon da ya fara hazo. Kaka tana da abin da za ta zubar ta rayu. Ni ba ni da shi. Na binne tukunyar, na kuma tara yaran na gaya musu: ranar miyar farko ni kaɗai zan ci. Su jira washegari.