Sandar Jirgin Farfesa

Ko zan manta da komai na zamana a Kuala Lumpur, ba zan manta da ranar da muka ci gasar jirgin ruwa da hantsi, muka zama na ƙarshe kafin la'asar ba.

Mu biyu ne 'yan Arewa a hannun farfesa ɗaya, ni da wani abokina Bakatsine, muna haya tare a Taman Melati, a yankin Setapak. Tallafin karatunmu ya kusa ƙarewa, shi kuwa Farfesa ya ƙi duba aikinmu, hankalinsa na kan jirginsa mai tafiya da iska. Da ya ce yana neman masu taya shi gasa a Port Klang, muka ɗaga hannu da sauri, alhali ko a kududdufi ba mu iya iyo ba.

Ni aka ba igiya. Abokina aka ba wata sandar ƙarfe mai zugewa, wadda ake tokare ƙyallen gaba da ita idan iska ta biyo ta baya. Farfesa da bakinsa ya karanta mana doka: sandar kada ta wuce tazarar da ke tsakanin turken jirgi da hancinsa. Wanda ya wuce bai sanar ba, alƙalai za su ƙara masa lokaci.

Muna tsakiyar ruwa, jirgin wata dattijuwa ya fara wuce mu. Farfesa ya kasa jurewa, ya juya wajen abokina.

"Zuge ta kaɗan. Boleh lah!" Wato ba komai, da yaren Malay.

"Prof, doka fa?" in ji ni.

"Kai ka ji da igiyarka."

Bakatsine ba ya aikin rabi. Ya zuge ta har ƙarshe, ƙyalle ya cika da iska, muka riga kowa isa. Kafin mu taka ƙasa ya watsa hotonsa a intanet, ya rungume sandar kamar wanda ya kaso zaki. 'Yan uwa har sun naɗa shi Sarkin Ruwan Setapak.

Da wannan hoton dattijuwar ta kai ƙara. Alƙalai suka zo da ma'auni, suka auna, suka lafta mana ƙarin lokaci, wanda ya mayar da mu bayan kowa. Farfesa ya gyara tabarau ya ce, "Ɗalibaina baƙi ne, ba su san ƙa'ida ba."

Na buɗe baki zan yi magana, abokina ya take mini ƙafa. Ya durƙusa, ya ce laifinsa ne, a yafe masa jahilci.

Cikin makon nan Farfesa ya sa hannu a aikinsa, har da yabo. Ni da na tuna masa doka a gaban jama'a, sai da na ƙara zango guda ina gyaran waƙafi.

Abin da na koya ke nan: idan babba ya ce ka ƙara kaɗan, fara tambayar kanka wa zai tsaya gaban ma'auni, don ba shi ba ne.