Mai gadin da ya so hana ni kallon saukar Hauwa'u

Jama'a, ku kwance min wannan: wane mai gadi ne aka ɗauka don korar 'yan talla, ya sume a bakin ƙofa, ya tare har mai gida?

Jiya jikata Hauwa'u ke saukar Alƙur'ani a Aliero. Ciwon gwiwa ya hana ni barin Jega, sai na zauna gaban kwamfuta in kalla kai tsaye ta intanet. Bidiyo ya ƙi tashi, fuskar kwamfutar baƙa ƙirin. Na latsa, na girgiza, har tofi na yi mata.

Na kira jikana Nasiru, wanda ya ba ni ita.

"Angona, wanga akwatin gawayi ne lefen nawa?"

"Kaka, mi kika taɓa?"

"Ni? Sharrin nan ko kakanka bai yi min ba!"

Yana dariya, ya sa na kashe wani ɗan jan hoto a kusurwar sama, na sake buɗe shafin. Sai ga Hauwa'u riƙe da allonta, yanzu ta ja Bismillah. Hawaye suka zubo min. Na yi ta sa wa Nasiru albarka har ya ce in rage wa mai saukar.

Wanda ya canka ya rubuto min a ƙasan wannan rubutu. Mai gadin dai ɗan jan hoton nan ne, abin toshe talla da Nasiru ya liƙa wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Shi ya maƙale, ya hana bidiyo tashi.