Ranar da Baba ya busa bututun dokotoro

Shekarun baya, lokacin farin da ya kashe shanu ya ƙafar da rijiyoyi, ina zaman aure a Birni, cikin Damagaram. Mahaifina yana ƙauyenmu wajen Gaffati, kuma haƙar rijiya ce sana'arsa tun yana saurayi. Ƙasarmu dutse gare ta. In ya shiga da diga da guduma, sai ya fito fari fat da garin dutse, har cikin hanci.

Da ruwa ya gudu ƙasa, gari ya yi gayya a ƙara wa tsohuwar rijiya zurfi. Jan igiya da kwasar ƙasa na kowa ne, amma sauka gindi na Baba ne. To, a lokacin Baba ya soma kasawa. Daga ɗaki zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. Ba ya tari sosai, ƙirjinsa ba ya ƙara, numfashin ne kawai ba ya isarsa. Ya ce a yi masa uzuri.

Nan bakin mutane ya buɗe, kuma wansa, Baffana, shi ya ja gaba. Baffa na da fuka, in ta tashi ana jin kukan ƙirjinsa daga zaure, don haka ya ɗauki kansa alƙalin ciwon ƙirji na garin duka. A gaban jama'a ya ce, "Ni da ƙirjina ke kiɗa, ga ni kan igiya. Kai ko tari ba ka yi. Wannan ragwanci ne, tsoron rami ya kama ka da tsufa."

Mutumin da ya shayar da su tun ba a haifi rabinsu ba! Baba ya ɗaura igiya a ƙugu ya koma ramin. Sai da aka jawo shi a some sannan labari ya iso ni.

Na isa ƙauye ina huci, na zazzage wa Baffa abin da ke bakina, har mahaifiyata tana toshe min baki da gefen zane. Ni dama ba a san ni da sanyin harshe ba. Na ce gidan likita zan kai Baba, don na ji wani dokotoro ya zo da na'urar gwada numfashi. Baffa ya ce, "Mu tafi tare, ɗiyata, a yi ta a gabana."

Na'urar wani gwangwani ne kife cikin ruwa, da bututun roba. Ana matse wa mutum hanci, ya ja iska iya ƙarfinsa, ya busa, gwangwanin ya taso. Dokotoro ya ji ƙirjin Baffa na kuka tun daga ƙofa, ya ce shi ma ya busa. Baffa ya busa, gwangwani na tasowa a hankali, yana ta busawa har idonsa ya yi ja, ya dai taso da nisa. Baba ya karɓa. Fuu ɗaya, iskar ta ƙare, gwangwanin ɗan kaɗan ya ɗaga. Aka sake, aka kuma sakewa, haka.

Baffa ya ce, "Ka gani ko, dokotoro? Ko busawar ma ba ya son yi."

Dokotoro ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, ciwonku ba ɗaya ba ne. Kai hanyoyin iskarka ne suka tsuke, kamar tulu mai ƙaramin baki, ruwa na ciki amma fitarsa da wuya. Shi ya sa kake ƙara, kuma akwai maganin da ke buɗe su. Ƙanenka hanyarsa a buɗe take, huhun ne garin dutse ya sandarar, kamar salkar da ta bushe, ba ta cin ruwa. Duk abin da ke cikinsa ke nan ya ba ni. Irin wannan ba ya kuka, kuma ba ni da maganin da zai mayar da shi. Kada ya ƙara shiga rami."

Na juya in ga idon Baffa, na shirya masa magana tun daga hanya. Sai na ji Baba ya ce a hankali, "Alhamdulillahi. Ashe ba ragwanci ba ne."

Na fasa maganar da na shirya. Wato sun faɗa, sun faɗa, har shi kansa ya yarda.

Baffa ya koma gida da ƙwayoyinsa, ya yi shekaru masu yawa bayan nan. Baba bai ga damina ta biyu ba. Wajen zaman makoki na ji masu kiransa rago suna cewa jarumi ya tafi, na tashi na shige ɗaki don kada in yi abin kunya.

Na yafe wa Baffa, don kafin ya rasu ya nemi gafarata yana hawaye. Amma har yau in na ji an ce wa mara lafiya "ai lafiyarka lau, ba a ga komai ba", raina ɓaci yake yi nan take. Rijiyar tana nan, ba ta ƙara ƙafewa ba. In na je ƙauye aka kawo min ruwanta, ina sha, amma ban taɓa iya cewa yana da daɗi ba.