Shekarar da Haki Ya Cinye Gonar Dawa

Wata Lahadi ce a daminar 2014, gero bai wuce taƙi ba, haki kuma ya fara danne shi. Muna cikin 'yar majami'armu ta laka a ƙauyenmu, can bayan Adabka, matan zumunta sun ajiye tulunan kiɗa ke nan, sai Baba ya miƙe ba tare da kowa ya kira shi ba. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina kan tabarmar yara. Ya ce tiramol ce ke nome masa gona shekara da shekaru, ya yi ta kokawa da ita tana kada shi, yau ya miƙa wa Ubangiji kansa da gonakin duka. Kunya ta rufe ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ji haushinsa ƙwarai, don na san gobe a bakin rijiya hirarmu za a yi.

Baba manomi ne na ji da kai. Gonarmu biyu, ta gero a bayan gida, ta dawa can nesa a bakin gulbi, kuma bai taɓa kiran gayya ba. Yakan ce, "Mai hannu biyu ba ya roƙon na uku." A ramukan zinari na wajen Anka, inda yake zuwa cin rani, aka koya masa ƙwayar. Da safe zai kora ta da kunu, ya duƙa, ba zai ɗago ba sai la'asar. In na kai masa fura, sai in tarar da ta jiya ma tana gindin kalgo bai taɓa ba. Daga baya faɗa ya shigo gida, waken Inna ya fara ɓacewa daga rumbu, rannan kuma aka ɗauko shi daga gona yana kumfar baki. Sau biyu yana rantsuwa ya bari, duka biyun da rani, yana bugun ƙirji wai shi namiji ne. Ruwan farko na sauka sai ya koma. Baba Ishaya, dattijon ikkilisiyarmu, shi ya gaya masa gaskiya: "Abin da ka ba Allah da rani ka karɓe da damina, ba kyauta ba ce, ajiya ka kai."

To, wannan karon a tsakiyar noman farko ya bari, kuma jiki ya nuna masa iyakarsa. Yana kwance a rumfa, rawar sanyi da zufa lokaci guda, ga gudawa, ga gaɓoɓi kamar an daka. Ni da Inna muka ɗauki kalme muka shiga noman. Na bar gaɗa da carafke, makaranta ma sai jefi-jefi, hannuna duk ya yi kanta, amma haki ya fi mu sauri. Inna ba mai yawan magana ba ce, sai dai na ji ta tana tambayar kanta a bakin murhu, "Mi za mu ci bana?" Kowa a gidan ya san ƙwaya kaɗan za ta tashe shi ya share gonakin nan, shi ma ya sani. Wata safiya ya lallaɓa ya bi mu, ya kama kunya ɗaya, bai kai rabi ba ya zube. Nan cikin haki ya durƙusa, na ji yana cewa, "Ubangiji, ban iyawa. Ga ni." Da ya tashi, sai ya yi abin da ya fi masa ciwo, ya bi gida-gida yana roƙon gayya, yana faɗin dalili da bakinsa.

Mutanen majami'a suka zo, maƙwabcinmu Malam Garba ma ya turo samarinsa bayan sallar asuba. An ceto geron. Gonar dawa kuwa an makara, haki ya cinye ta tas. Mun ji jiki a shekarar nan, rumbu ya ƙare tun kafin bazara, tafasa da kwaɗon rama suka zama abincin dare. Sha'awar ƙwayar ba ta bar shi rana ɗaya ba. Kullum safe sai ya durƙusa ya ce, "Yau ma na ba ka," in abin ya matsa masa kuma ya tafi ya zauna wurin Baba Ishaya har ya lafa. Da yunwa ta ishe ni na taɓa ce masa ai da ya bari sai bayan kaka sannan ya daina sha. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗiyata, ni ba ni da tabbacin zan kai kaka."

Yanzu ina ɗinki a Gusau, dawa a mudu nake saye. Gonar bakin gulbi babu mai zuwa, tsoron 'yan bindiga ya hana, su Baba ma sun koma Bukkuyum. Yana da 'yar gona a bayan gari, yana noma yana hutawa, in aiki ya fi ƙarfinsa ya kira mutane ba kunya. Nakan yi kewar tabarmar yaran nan, in tuna yadda na sunkuyar da kai a ranar da ya kamata in ɗaga shi. Dawar shekara guda muka rasa, uba kuwa muna da shi har yau.