Buhun Sulhun Alhaji Bawa

Aiki ƙarƙashin Alhaji Bawa wahala ne, ban ɓoye ma kowa. Ƙurar injin shinkafa daban, ciwon baya daban, sannan ga buhun nan nashi. Ku da kunka yi aiki a injinmu na Ambursa kun san buhun da nike nufi: na shinkafar da ba a casa ba, jingine a bakin ƙofa, ba a sayarwa, ba a taɓawa. In mutum biyu sunka yi faɗa, ba ya tambayar wa ke da gaskiya. Sai ya nuna buhu.

"Ku kama. Kai kunne guda, kai kunne guda. Ku zagaye injin har sai ɗayanku ya yi dariya."

Kai jama'a! Ka taɓa ɗaukar buhu da wanda kake jin haushi? In ya ja, ka bi. In ka yi tuntuɓe, shi ka tare ka. Kafin a kai bayan rumbu, zagi ya koma "riƙe da kyau, ɗan'uwa!"

Ɗan Alhaji ya taɓa kawo mai kujera mai juyi daga Birnin Kebbi, wai ta manyan ofis. Alhaji ya zauna, ya juya sau guda, ya miƙe yana dafe kai.

"Wagga aba ta hajijiya ce. Ku kai ma Baba maigadi, shi ka zama wuni."

Haka aka yi. Baƙo in ya shigo, sai ya durƙusa gaban Baba maigadi yana "ranka shi daɗe", Alhaji kuwa na gefe bisa tabarma yana cin gyaɗa da leburori.

Wata rana shi da kanshi ya daka ma Umaru direba tsawa a gaban mutane. Bai ko zauna ba, ya tuɓe babbar riga.

"Umaru, taho. Na yi laifi. Kama."

"Haba Alhaji, da tsufanka?"

"Buhu bai san tsoho ba. Kama!"

Suna cikin zagaye wani dillali ya iso daga Argungu yana tambayar mai wurin. Na ce, "Ga shi can, wanda hularshi ta faɗi." Mutumin ya ce in daina mai ba'a.

To, lokacin da ciwo ya kwantar da Alhaji, ni da Umaru ba mu magana. Gardamar lodin mota ce ta yi tsami, har ma'aikata sun rabu, masu ci da ni daban, masu ci da shi daban. Na je gaishe da Alhaji, murya ta dushe, amma sai da ya ce, "Garba, na ji labari. Buhu na jiranku. Bari in tashi."

Bai tashi ba. Allah ya jiƙan Alhaji Bawa, ya sauke mai duk nauyin da ya ɗauka dominmu, ya sa ya huta.

Ranar da anka yi addu'ar uku, na ji ana cewa injin ba ya kai damina, kowa zai kama gabanshi. Washegari da safe na riga kowa zuwa. Na jawo buhun har gaban motar Umaru, na kama kunne guda, na tsaya. Ya sauko, ya dube ni, ya dubi buhu.

"Garba, bayanka fa?"

"Bayana ya mutu tuni. Kama."