Lallen da Ya Rufe Ƙunar Hajiya

A lokacin da wannan abu ya same ni ina ƙaramar matar aure ce mai cikin fari, muna zaune a wani dogon bene a Danau Kota, cikin Kuala Lumpur, inda maigidana yake karatu. Mahaifiyata ta rasu tun ina yarinya, don haka da haihuwa ta matso surukata Hajiya ce ta ce ba za ta bari in yi jego a hannun baƙi ba. Matar da ko Abuja ba ta taɓa zuwa ba ta hau jirgi ta zo. Hajiya gwanar wankan jego ce a unguwarsu, hannunta kamar ba fata ba ne a jikinsa. Za ta tsoma shi a ruwan da ke tururi ta ce ya yi daidai, ni kuwa ina kuka ina roƙonta ta sirka, tana dariya tana ce mini raguwa. Ba mu yi arba'in ba korona ta shigo, aka rufe ƙasa, aka rufe hanyar gida.

Wata biyu ta zo yi, sai da ta kusa shekara biyu. Wallahi tausayinta ya sha hana ni cin abinci. Matar da ta saba da tsakar gida da kaji da gidan suna, ga ta a hawa na sama tana leƙen motoci ta taga. Tana da ciwon suga, tana shan maganinta, amma kullum tana cewa ƙafafunta sun yi mata nauyi, in tana tafiya kamar tana taka auduga. Mu duka muka ce zama ne da sanyin na'urar sanyaya ɗaki. Wata maƙwabciyata 'yar ƙasar ce ta ba ni labarin wani wurin shaƙatawa a kan tsaunuka, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, tsofaffi suna zuwa su jiƙa ƙafa don ciwon gaɓoɓi. Da aka sassauta dokar tafiya na matsa wa maigida lamba har ya ari motar abokinsa. Ana gobe za mu tafi na kwaɓa lalle na yi wa Hajiya ƙunshi irin na da, tun daga yatsu har idon sawu. Ya kama ja wur, wani wurin har ya yi baƙi-baƙi, tana ta juya ƙafa tana cewa sai ka ce amarya.

Wurin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Hazo a kan duwatsu, iska mai sanyi, ruwan yana ɗan warin ƙwai, ga kududdufai an gina su jere, kowanne da zafinsa. A na can sama har ƙwai mutane suke dafawa a ɗan kwando. Na tsoma ƙafa a na tsakiya na cire ba shiri. Hajiya ta yi mini dariya har da riƙe ciki, ta ce har yanzu ragwantar nan tana nan, ta wuce kusa da na masu ƙwai ta zauna a baki ta zura ƙafafunta. Na tambaye ta ko bai yi zafi ba, ta ce ɗumi-ɗumi ne kawai, da wannan ko jariri ta yi wa wanka. Wa ya isa ya yi wa Hajiya musu a kan ruwan zafi? Wani tsoho ɗan Sin ya tsaya yana ɗaga mata hannu yana magana, ta ɗauka gaisuwa ce, ita ma ta ɗaga masa. Ni ina can ina bin 'yata da ta fara gudu, maigida ya tafi sayo abinci. Hajiya ta sauke takunkumin fuska tana shaƙar iska, ta ce yau ta fito daga kurkuku. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki haka ba, sai na ƙyale ta. Da ta fito na kalli ƙafafun, na ga ja, na ce lallena ne. Ta goge ta sa safa muka kamo hanya.

Ashe sugan ya riga ya kashe mata jin ƙafa, ruwan ya dafa ta ba ta sani ba. Washegari ta ga bororo, ta yi shiru, ta riƙa shafa man kaɗanya da zuma a bayan ƙofa. Tsoron asibiti take yi, domin ta ji duk wanda ya shiga a lokacin ba a ganinsa, in ya mutu baƙi ne za su binne shi. Kuma ba ta so ɗanta ya ga laifina, tunda ni na kawo maganar tafiyar. Na lura ba ta cire safa ko da rana, na lura tana sallah a zaune, amma kunyar suruka ta hana ni cewa ta nuna mini. Da na fara jin wani wari sai na zargi kwandon shara, na wanke gidan tas. 'Yata ce ta jawo safa ɗaya daga ƙarƙashin gadonta, ta bushe da ruwan ciwo. Na shiga ɗakin na durƙusa na kama ƙafar, tana cewa in sake ta, wannan ai rashin ta-ido ne. Ban saki ba. Abin da na gani ba zan iya rubuta shi ba, jikinta kuma zafi rau.

Saboda zazzaɓin, daga ƙofar asibiti aka raba mu da ita. Ba ta jin kowane yare sai Hausa, don haka likita ta waya yake kirana in yi tafinta, maigida kuwa in ya ji muryarta kuka yake yi. Ni ce na gaya wa Hajiya da bakina cewa idan ciwon bai tsaya ba za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Sai ta tambaya ko za ta iya tsayuwa ta yi sallah. A gida maigida bai zage ni ba, amma ya daina kallon idona. 'Yan'uwansa mata suka yi ta kira daga Najeriya suna cewa na kai musu uwa yawon Turawa na dafa ta. Da labari ya kai wa Hajiya, daga gadon asibiti ta aika musu da saƙon murya, ta ce duk wadda ta ƙara ambaton sunana ba ta yafe mata ba, ita ta zura ƙafarta da kanta, kuma ni kaɗai ce na yi ƙarfin halin cire mata safa.

Allah ya taimaka ciwon ya tsaya, aka cire yatsu uku na ƙafar dama, sauran ta tsira. Ni na yi jinyarta, kullum ƙafar tana kan cinyata ina dubawa, kunyar nan duk ta tafi.

Abin da na koya shi ne, mai ciwon suga ba ya sanin abin da ƙafarsa take ciki, ko da ya fi kowa sanin ruwan zafi. 'Yan'uwa masu tsofaffi a gida, ku gwada musu ruwa da gwiwar hannunku, ku duƙa ku duba tafin ƙafarsu da tsakanin yatsu, ko za su yi faɗa. Kada lalle ko safa ko kunya su hana ku gani.

Ana gobe za ta koma gida ta kira ni ɗaki, ta miƙo ƙafafun ta ce in yi mata ƙunshi, ba za ta sauka Kano da farar ƙafa ba. Na ce ba zan iya ba. Ta ce in daina ragwanta in kwaɓo, ai yanzu ma aikin ya ragu mini. Ina kuka na sa mata, amma sai da na duba kowane yatsa tukuna.