Gorar da Na Auna Baba da Ita

Ni mutum ne mai hannun jarirai, kowa a gidanmu na unguwar Aziziyya a Jidda ya sani, ni ma ban taɓa musu ba. Shi ya sa da na ƙudurta kai Baba ƙasar Oman ya ga damina, maganar jirgi da otal ba ta ma faɗo mini a rai ba. Tsohuwar motar kaya mai rufi na saya a hannun wani mai rarraba burodi, na ce zan mayar da ita ɗaki: gado ɗaya a ciki na Baba, tanti a waje nawa, murhun gas, jarkokin ruwa, shi ke nan.

A wani ƙauyen Hausawa na bakin kogi a Sudan aka haifi Baba. Ya zo Jidda yana saurayi, ya ƙarar da ƙarfinsa a dakon kaya a tashar jiragen ruwa. Ruwan saman Jidda ba damina ba ne a wurinsa, ya sauko sau ɗaya ya cika tituna ya wuce. Tun da ciwon zuciya ya kama shi ba shi da zance sai ƙamshin ƙasa bayan yayyafi, ga shi hanyar gida ba ta biyuwa a lokacin saboda yaƙi. Wani abokin aikina ne ya nuna mini hoton garin Salala na Oman a waya, duwatsu kore shar, shanu na kiwo cikin hazo. Da na tambayi likitan Baba, ya daɗe yana duban takardu kafin ya ce in dai za mu je, mu je bana.

Inna ba ta iya doguwar tafiya saboda gwiwoyinta. Ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya, in dawo mata da shi da ƙafafunsa.

Takardu sun kammala, kafili, ubangidan da ke tsaya mana kan takardun zama, ya sa hannu, saura gado. Katako da tsada, ban so in yanka ko ɗan yatsa ya tafi a banza. Ranar wata Juma'a bayan cin abinci Baba ya kwanta barcin rana a kan tabarma, gefen dama kamar kullum. Na nemi tef ɗin awo, ashe na baro shi a shago. Sai na hau soro na zaro gorar da Inna ke tokare igiyar shanya da ita, na shimfiɗa ta a gefensa daga kai zuwa diddige, na sa alama da fensir, na ɗauko zarto na yanke ta nan a bakin ƙofa. Har ina yaba wa kaina dabara.

Inna ta shigo da tiren shayi. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta durƙusa ta ajiye tiren a hankali.

"Wa ya aiko ka?" ta ce.

A Jidda aka haife ni. A nan kabari a haƙe ake samunsa, layi-layi, ban taɓa ganin an auna kowa ba. Ranar ce Inna ta gaya mini cewa a garinsu, in mutum ya cika, abin da ke fara fita daga ɗakinsa kara ne. Da shi ake auna tsawonsa a miƙa wa masu haƙa, in an rufe shi a ɗora karan a kan kabarin. Duk wanda ya ga mutum riƙe da yankakken kara ya nufi bayan gari ba ya tambayar ko lafiya. Mai rai kuwa ba a auna shi a kwance.

"Karya ta," in ji Inna. "Yanzun nan."

"Bar ta."

Baba ne. Ban san tun yaushe idonsa ke buɗe ba.

"Aikin gama ya gama," ya ce. "Ka dai auna daidai ko, ya waladi?"

Ya tashi ya karɓi gorar ya jingine ta a bayan ƙofar ɗakinsa.

Makonni uku da suka biyo baya, shiri biyu ake yi a gidan. Ni ina kan taswira, ina lissafa gidajen mai da wuraren da za a kafa tanti ba a biya ba. Shi kuma kullum da hantsi sai ya tari tasi zuwa Balad, tsohon cikin gari, ya bi tsofaffin abokansa ɗaya bayan ɗaya yana neman yafiya. Ya ba maƙwabci rediyonsa. Ya ciro likkafaninsa daga akwati ya shanya a soro, igiyar da ba ta da matokari ta lanƙwashe har bakin farin ƙyallen na taɓa ƙasa. Da na yi magana ya ce haka ake yi, matafiyi ba ya barin gida da nauyin kowa. Ban iya cewa ƙarya ce ba.

Gorar kuwa ta hana Inna sakat. In gorar na tsaye, sai ka ce mutum ne ya laɓe a bayan ƙofa. Wata rana ta kwantar da ita a gindin bango, ta dube ta a kwance, ta yi salati ta sake tayar da ita. Ni kaina nakan gifta da tsakar rana in ga Baba tsaye a wurin ta wutsiyar ido, sai in ji tarinsa daga falo.

Ranar da na gama gadon na kira shi ya gwada. Na kafa kantar kaya a samansa don kada wuri ya lalace, sai makwancin ya zama matsattse. Ya shiga ya kwanta gefen dama, ya sa tafi a ƙarƙashin kunci. Kai ya taɓa katako, diddige ya taɓa katako, ko yatsa ba zai shiga ba.

"Baba, ya yi?"

Shiru.

"Baba."

Ƙarar na'urorin sanyi na maƙwabta kawai nake ji. Sai a kira na uku ya buɗe ido ɗaya.

"Wallahi ka iya haƙa," ya ce, yana dariya.

Ni ban yi dariya ba. Tsoro nake ji, na kuma faɗa masa. Na ce a fasa tafiyar, in sayar da motar ko da asara, wanda duk ya san ni ya san ba ƙaramar magana na yi ba.

"Ka auna ni, sannan ka hana ni tafiya? Yalla, ɗora kaya."

A rana ta uku, cikin hamadar da ake wuni ba a ga gari ba, na ɗaga katifarsa ina neman maganinsa. Ga gorar, ga likkafani a ninke, ga ɗan guntun shebur.

"Nan babu wanda ya haƙa yana jiranmu," ya ce. "In ta faru, ba na so ka tsaya kana zare ido."

Ya zaunar da ni a inuwar motar ya zana mini a yashi: ga alƙibla, ga zurfin babban rami, ga ƙaramin da ake yi a cikinsa. Ya sa na maimaita sau biyu. Daga ranar, duk bayan ɗan lokaci sai in kira shi ba gaira ba dalili, don dai in ji ya amsa.

Mun isa Salala. Ya sauko ya cire hula ya tsaya cikin yayyafi har rigarsa ta manne a jikinsa, yana kuka yana dariya. Na dawo wa Inna da shi da ƙafafunsa.

Bayan shekara biyu ya rasu a asibiti, a nan Jidda. Na ɗauki gorar na tafi da ita maƙabarta kamar yadda ya koya mini. Mai kula da wurin ya dube ta, ya ce cikin ladabi ba a bukata, kabari a shirye yake, kuma ba a barin komai a kai. Haka na dawo da ita gida a hannuna. Inna ta ƙi a karya, ta ƙi a yar, ta ce abin da bai yi aikinsa ba ba a wulaƙanta shi. Gorar ta koma bayan ƙofa.

Na tashi ina ganin Baba ya fi ni tsawo, ban lura da yadda tsufa ya rage shi har ya dawo daidai tsawona ba. Kwanan baya na shiga ɗakin ɗauko caja, na tsaya a jikin ƙofa ina amsa waya. Inna na zaune a bakin gado. Na ga idonta ya hau kan gorar, ya dawo kaina, ya sake komawa.

"Kai," ta ce a hankali. "Matsa daga nan."